Shekarar da Na Kama Tsage Na Rasa Garka

Tun kuna ƙanana kuke jin ana faɗa a Aliero cewa babanku shi ya watsar da garkar ubansa ya bi ruwa, wai don ba ya son duƙawa. Na san kun ji, don ranar wani suna da muka je na ga yadda kuka sunkuyar da kai sa'ad da wata tsohuwa ta faɗa tana dariya. Ban tanka ba saboda taro ne. Yanzu da gwiwoyi suka hana ni shiga ruwa, zama ya yi mini yawa, zan gaya muku yadda aka yi, ku kuma ku yi abin da kuka ga dama da maganar. Ba cewa nake ku je ku yi faɗa da kowa ba. Wanda ya kamata in yi faɗan da shi ya riga ni kwanciya, kuma har aka binne shi bai taɓa buɗe baki ya ce mini abin da ya yi bai kyauta ba.

Da kakanku ya rasu ba a raba gado ba. Gandu ya zauna a hannun Yaya Mani, babban wana, shi ke riƙe da babban rumbu, shi ke riƙe da fadamar da muke noman albasa. Al'adar gidanmu ita ce, duk kaka in lokacin dashe ya ƙarato, mazan gida su taru a ƙofar gida kowa da kalmensa, wato fartanyarsa, a kafaɗa, ƙanen mahaifinmu Baffa Attahiru ya shige gaba, a gangara fadama a nuna wa kowa wurinsa na wannan shekara. Sunan abin rabo ne, amma a gaskiya ba a canza wa kowa wuri. Nawa yana can gefen wata giginya, kusa da tsohuwar rijiya. Tun da aka yi mini aure nake nomansa. Ni na kwashe tsakuwar da ke ciki da hannuna, ni na riƙa kai masa taki a kan jaki har ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. Ko matan gida in za su yi kwatance sai su ce garkar Bawa. Da albasar wurin nan na ɗinka muku rigunan salla, da ita na yi wa uwarku Kulu jinya lokacin da ta yi doguwar kwanciya.

Shekarar da nake ba ku labari ta zo mana a karkace. Albasar da na adana a rudu, rumbun albasa, ina jiran ta yi daraja ta ruɓe mini kusan duka, sai na buɗe na tarar da ruwa da wari. Damina kuma ta yi ruwa fiye da kima, geron da na shuka ya kwanta a cikin laka. Kafin a gama girbi na riga na san abin da ke rumbuna ba zai kai mu ko tsakiyar rani ba, ga ku kuna ƙanana, bakinku ba ya hutawa. Na je na sami Yaya Mani a zaure na roƙe shi a taɓa babban rumbu. Ya ce lokaci bai yi ba, ya ci gaba da yanke farce. Da na komo ɗaki Kulu ta ga fuskata, ba ta tambaye ni yadda muka yi ba. Ita ta kawo maganar kawunta Labbo, masunci ne a bakin gulbi a Jega.

“Malam, in ka tahi wurin Kawu ko na miya ka samo muna,” in ji ta. “Kahin dashe ka komo. Ba nisa ba ne.”

Na daɗe ina juya maganar, don a gidanmu babu wanda ya taɓa sana'ar ruwa, kifi ma sai dai busasshe ranar kasuwa. Da na yanke shawara sai na fara da abin da ya fi muhimmanci: na gyara kusurwar garkata na zuba irin albasa, na rufe da ciyawa, don ya tashi kafin lokacin dashe. Sannan na je sallamar Yaya Mani. Sai da ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Kai da ko iyo ba ka iya ba? Gidanga ba a taɓa yin mai ƙarnin kihi ba, sai daga kanka.”

Na ce masa na 'yan makonni ne, kuma ga iri na zuba, zan riƙa zuwa ina dubawa.

“Tahi abinka,” ya ce. “Garka tana nan, ba ƙahwa gare ta ba.”

Ku riƙe wannan magana, don da bakinsa ya faɗe ta, ni ban roƙe shi ya faɗa ba.

Labbo tsoho ne gajere, mai faɗin ƙirji, hannuwansa duk tabo. Bai yi mini wani maraba mai yawa ba. Ya ce in shimfiɗa tabarmata a rumfar da suke gyaran taru, ya kuma gaya mini ƙa'idarsu tun ranar farko. Baƙo ba ya shiga jirgi, ba ya taɓa taru, sai ya fara kamo tsage da fatsa da hannunsa. In ya kamo, ya zama nasu, duk lokacin da ya zo yana da wurin zama a jirgi da kasonsa. Ni a lokacin ban ma san kamannin tsage ba. Labbo ya ja ni wurin masu ƙyafe kifi ya ɗaga mini kan wani. Kifi ne dogo, fari mai sheƙi, da zane-zane baƙaƙe a jiki, jelarsa ja, haƙoransa a waje suna shiga tsakanin juna kamar na kare. Ya ce wannan ba ya kiwo a laka irin na tarwaɗa, farauta yake yi, 'yan uwansa kifaye yake ci. Na dubi haƙoran, na dubi siririn zaren da aka ba ni, na ce a raina waɗannan mutane so suke su kore ni cikin ladabi.

Ina da shekara arba'in da 'yan kai na koma ɗan koyo. Mutumin da in ya kalli ganyen albasa daga nesa ya san ko ƙishi take ji ko taki take so, ga shi a bakin gulbi bai iya ɗaura ƙugiya ba. Sai da na fara koyon kama 'yan ƙananan ƙawara da za a yi koto da su, don tsage ba ya kula mataccen abu, yana son ya ga kotonsa yana motsi. Aka nuna mini yadda ake soka ƙugiya ta bayan ɗan kifin don kada ya mutu da wuri. Aka nuna mini wurin tsayuwa: ba inda ruwa ya kwanta ba, sai inda mai gudu ya haɗu da mai sanyi, a ƙasan wata gaɓa da ta zaizaye. A can tsage yake laɓewa da sassafe yana jiran ruwa ya kawo masa abinci. Duk wannan na ji na riƙe, amma ji daban, yi daban. Na farko da ya cafki kotona, fizga ɗaya na ji, sai ga zare yana lilo babu ƙugiya, an yanke shi fes kamar da reza. Na biyu ma haka. Labbo yana zaune a kan jirginsa yana kallona, bai ce uffan ba sai da na rasa ƙugiyoyi masu yawa.

“To, ka ga haƙori da idonka, amma ka ba shi zare. Mi kake so shi yi da shi?”

Ya aike ni wurin mai gyaran babur na samo tsohuwar wayar birki, muka warware ta sili-sili, ya nuna mini yadda ake ɗaura ɗan tsayin taƙi ɗaya tsakanin ƙugiya da zare. Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini tun farko. Ya ce da ya gaya mini da na manta, yanzu kuwa ba zan manta ba. Na ji haushinsa ƙwarai ranar nan, amma gaskiyarsa ce.

Waya ta hana yanka, ba ta kawo kifi ba. Bakin tsage ƙashi ne, in ba ka fizga da ƙarfi ba ƙugiya ba ta shiga. In ta shiga kuma sai ya yi tsalle ya fito daga ruwa gaba ɗaya, yana girgiza kai, in ka bari zare ya saki ko kaɗan ya tofar da ita ya tafi. Wata safiya don kada ya suɓuce mini na naɗe zaren a yatsu, ya ja, zaren ya shige naman hannuna har sai da na ga fari. Tabon da kuke tambayata kuna yara ke nan. Masuntan suka yi mini dariya har da riƙe ciki, suka laƙaba mini Sarkin Albasa. Ba dariyar mugunta ba ce, don su ne kuma ke ba ni 'yan ƙarfasa da ƙurungu in an fito, in shanya in kawo gida. Kowace Juma'a nakan hau kabu-kabu in zo Aliero, in ajiye wa Kulu abin da ya samu, in wuce fadama in ba irina ruwa, in cire ciyawa. Irin ya tashi kore shar, babu na wanda ya fi shi a fadamar. Duk wanda ya ce muku na watsar da garka, ku tambaye shi wa ya rena irin nan.

Da aka sa ranar rabon wuri, Kulu ta aiko mini. Za a taru bayan azahar. Na shirya tun da dare cewa da hantsi zan kama hanya, amma na ce bari in jefa fatsa da safe kamar kullum, ko don kada koton da na kama ya tafi a banza. Ban daɗe da jefawa ba na ji an fizge ni har sai da ƙafata ta zame cikin ruwa. Wannan karon na fizga da iyakar ƙarfina. Ya yi tsalle, na ja baya ban ba shi sarari ba. Ya nufi tsakiyar gulbi na sakar masa kaɗan kaɗan, ya juyo na tattara. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san kafaɗuna sun mutu. Da na jawo shi kan yashi Labbo ya riga ya iso da kulki, ya daka mini tsawa kada in kai hannu kusa da bakin, ya buga masa a ka. Tsawonsa ya kai daga ƙuguna zuwa ƙasa. Na zauna a kan yashi ina haki, ina dariya ni kaɗai. Zan gaya muku gaskiya, tun da albasata ta ruɓe ban ji ni mutum ba ne sai a wannan safiya.

A al'adarsu tsagen farko na wanda ya koya maka ne. Na ɗauka na ajiye a gaban Labbo. Ya dafa shi, ya ce ya karɓa, kuma daga yau ina da wuri a jirgi. Sai na roƙe shi ya bar mini in kai wa Inna, mahaifiyata, don ta tsufa, kuma ba ta taɓa cin ɗanyen kifi irin wannan ba. Labbo ya turo mini kifin.

“Kihi naka ne, na ba ka. Amma yau ba ranar rabon garka kac ce ba?”

Na ce ita ce.

“In ni ne, da kalme za su gan ni. Bar shi nan a ƙyahe maka, gobe ka kai wa tsohuwa.”

Na ce masa ai gidanmu ne, ba kotu ba. Kalmena yana ɗaki, in na isa in ɗauka. Sai ya samo mini jiƙaƙƙen buhu muka naɗe kifin. Har yau ban ga laifin mutum ya kai wa uwarsa kifi ba. Ban kuma ɓoye muku cewa ina son Yaya Mani ya gani ba, shi da ya ce ko iyo ban iya ba. Wane ƙane ne ba ya son wansa ya ce masa sannu da ƙoƙari?

Na iso ƙofar gida na tarar an riga an taru, kowa da kalme a kafaɗa, Baffa Attahiru yana zaune a kan dakali. Jelar kifin ta leƙo daga buhu, mutanen unguwa suka biyo ni suna son gani. Aka ce in buɗe, na buɗe. Aka yi ta salati, wannan ya auna da hannu, wancan ya leƙa haƙora. Yaya Mani ya fi kowa yabo, har da dafa mini kafaɗa, ni kuma kamar wawa na tsaya ina washe baki. Na ce a ba ni dama in shiga in ɗauko kalmena. Sai ya riƙe mini hannu, ya juya wajen Baffa.

“Baffa, ka dai gani da idonka. Bawa Allah ya buɗa mishi ƙohwa tai. Ga Aminu nan, an yi mishi aure bara, ba shi da ko taƙi guda a hwadama. Wanda ad da biyu ai shi taimaki wanda ba shi da ko ɗaya.”

Aminu babban ɗan Yaya Mani ne. Yana tsaye a bayan uban da sabon kalme, ƙotar ko datti ba ta yi ba. A nan na gane ba yau aka shirya maganar ba, abin da suka rasa kawai shi ne hujja, ni kuma na ɗauko musu ita a kan babur tun daga Jega. Na ce kifi ɗaya ne, ɗaya tak a duk zaman da na yi. Na ce ga irina can a garka ya isa dashe. Na tuna wa Yaya abin da ya faɗa mini a zaure. Ya ce ai bai yi ƙarya ba, garka tana nan inda take. Baffa ba mugun mutum ba ne, amma tsoho ne da ba ya son hayaniya, kuma daga rumbun Yaya Mani ake auna masa hatsi. 

“Kowa da abin da ya zo da shi hannu nai,” ya ce. “Haka munka gada. Bawa, ka bar ma ɗanka bana kaɗai. Baɗi a duba.”

Na dubi sauran 'yan uwana ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sami abin kallo a ƙotar kalmensa. Suka gangara fadama, ni na tsaya a ƙofar gida da kifi a gabana, ƙuda sun fara taruwa.

Baɗi ba a duba ba. Aminu ya dasa irin da na rena, ya kwashi albasar da unguwa ta yi ta magana a kai. Da kuɗinta uban ya sa aka haƙa masa rijiyar burtsatse a wurin, aka kafa injin ban ruwa. Da na tayar da maganar a kaka ta gaba sai aka ce yanzu yaro ya zuba dukiya a ciki, ina zan biya shi? Shekara ta uku Baffa ya rasu. Da aka zo rabon gado daga baya, aka lissafa wurin a matsayin abin da ke hannun Aminu, ni aka nuna mini wani tudu can wajen hanyar Maiyama da ko gero ba ya yi sai da roƙo. Wannan ya sa na kwashe ku muka koma Jega, na shiga jirgin Labbo. Ruwa ya ciyar da ku, ban raina masa ba, da shi kuka yi karatu kuka yi aure. Amma ni manomi ne. Duk shekarun nan in na bi ta kasuwa na ji ƙanshin sabuwar albasa sai in canza hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba rabon ba ne, yammacin ranar ne. Kifi ba ya jira, dole a dafa shi. Kulu ce ta gyara, don duk gidan ita kaɗai ta iya, tana kankare ɓawo hawaye na zuba mata a hannu. Na kai wa Inna nata da kaina. Ta riga ta ji komai daga ɗakinta. Ta ci kaɗan, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta ce in yi haƙuri da yayana, shi ne babba. Ban ji haushinta ba, amma na so ta faɗi wata magana ba wannan ba. Bayan la'asar maza suka komo daga fadama da laka a ƙafa, aka fito da akushi zaure. Duk suka zauna suka ci, har Aminu. Yaya Mani ya sa aka ba shi kan, ya tsotse shi tas, yana cewa Kulu ta iya miya. Ni ina gefe, ban iya kai loma ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya lura.

Da suka gama na miƙe na ce zan koma Jega kafin magariba. Yaya Mani ya rako ni har ƙofar gida, yana sakace haƙori da tsinke. Na tsaya, na ɗauka zai ce wani abu game da garka, ko da kalma ɗaya ce ta ban haƙuri, da na karɓa. Sai ya tofar da abin da ya sakato.

“In za ka komo, ka taho muna da tarwaɗa,” ya ce. “Wanga ƙaya ta yi mishi yawa.”

Na ce to. Wallahi abin da na ce masa ke nan.